Darar yaƙi: yadda masu tsara wasanni ke auna sojojin Larabawa da lamba

A watan Oktoban 1973, wani kamfanin buga wasanni da ke birnin New York mai suna SPI yana cikin haɗa wasa a kan yaƙe-yaƙen Larabawa da Isra'ila na 1956 da 1967, sai ga sabon yaƙi ya ɓarke. Sojojin Masar suka tsallake mashigin ruwa na Suez, suka fasa shingen tsaro na Bar-Lev cikin ƴan sa'o'i, abin da masana kaɗan ne a ƙasashen Yamma suka zaci za su iya. Dole aka ƙara babin 1973 kafin wasan, mai suna Sinai, ya shiga kasuwa. Tun daga lokacin masu wannan sana'a ke fama da tambaya guda: wace lamba ta dace a rubuta a kan ɗan kwalin da ke wakiltar bataliyar Masar, ko ta Siriya, ko ta Libiya, kuma da wace hujja?

Mai jin labarin zai iya ɗauka cewa maganar ƴan shaƙatawa ce kawai. Amma irin waɗannan wasanni sun daɗe da shiga makarantun horar da hafsoshi da ofisoshin masu tsara dabarun tsaro. Ranar 2 ga Agustan 1990, da Iraki ta mamaye Kuwait, ma'aikatar tsaron Amurka ta nemi Mark Herman, wanda ya tsara wasan Gulf Strike a 1983, kuma an yi amfani da wasan nasa, bayan ƴan gyare-gyare, wajen gwada yadda rikicin zai iya kasancewa. Ke nan lambar da aka liƙa wa sojan Iraki a kan kwali ta kai har teburin masu yanke shawarar tura mutane fagen daga.

Mece ce darar yaƙi?

Da Faransanci ana ce mata jeu de guerre. Asalinta daga masarautar Prusiya ne, a yankin Jamus, inda wani matashin hafsa, Georg von Reisswitz, ya gabatar wa manyan sojojin ƙasarsa wasan Kriegsspiel a 1824, aka kuma karɓe shi a matsayin kayan horo. Na sayarwa ga jama'a kuwa ya fara ne a Amurka da wasan Tactics na Charles Roberts a 1954, wanda daga baya ya kafa kamfanin Avalon Hill. A Faransa akwai mujallar Vae Victis, wadda tun 1995 take fitowa da irin waɗannan wasanni.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san dara. Ana shimfiɗa taswirar ainihin wurin da aka gwabza, an rarraba ta gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. A maimakon ƴaƴan dara, akwai ƙananan kwalaye, kowanne yana wakiltar wata runduna da ta taɓa wanzuwa, da sunanta da lambobinta: ƙarfin kai hari, ƙarfin kare kai, da yawan gidajen da za ta iya ratsawa a zagaye guda. In za a kai hari, sai a haɗa ƙarfin maharan, a gwada shi da na masu tsaro, a samu misali uku bisa ɗaya. Daga nan a jefa ƙwaya mai fuska shida irin ta ludo, a duba jadawali, shi zai faɗi ko an fatattaki masu tsaron, ko sun ja da baya, ko an yi kare jini biri jini.

Bambancinta da dara shi ne ɓangarorin biyu ba sa farawa da ƙarfi ɗaya, domin a tarihi ma ba su fara da ƙarfi ɗaya ba. A nan gizo ke saƙar. A yaƙin Yunin 1967, ƙasashen Larabawa sun fi Isra'ila yawan tankoki da igwa da jiragen yaƙi, amma cikin kwana shida suka rasa Sinai, da Zirin Gaza, da Yammacin Kogin Jodan, da gabashin Ƙudus, da Tuddan Golan. Idan mai tsara wasa ya ƙirga ƙarfe kawai ya rubuta, ɗan wasan da ya riƙe Larabawa zai yi ta cin wasa, tarihi kuwa bai faɗi haka ba. Dole ya nemo wata hanya ta rage musu ƙarfi. Hanyar da ya zaɓa, ko ya sani ko bai sani ba, ita ce amsarsa ga tambayar me ya sa aka ci su.

Inda ake ɓoye hukuncin

Hanya mafi sauƙi ita ce a rage lambar kai tsaye. A ce birget ɗin Isra'ila da na Masar suna da tankoki kusan daidai, sai a rubuta wa na farko 8, na biyu 4. Wasa zai tafi daidai, sakamako zai yi kama da na tarihi, amma ɗan wasa bai koyi komai ba sai cewa Balarabe rabin Ba'isra'ile ne. Wannan hanya tana nuna kamar raunin a jikin kowane soja yake, ko'ina, kowane lokaci, yana kai hari ne ko yana cikin rami yana tsaro.

Wasu sun fi son ma'aunin ƙarfin zuciya. Wasan The Arab-Israeli Wars na Avalon Hill, da ya fito a 1977 bisa tsarin wasan PanzerBlitz, ya bai wa kowane ɓangare matakin ƙarfin zuciya, wanda ke yanke saurin da runduna za ta sake haɗa kanta bayan wuta ta tarwatsa ta. Mai babban mataki yana farfaɗowa nan take, mai ƙarami yana iya shafe zagaye da dama a warwatse.

Akwai kuma ƙa'idar katsewar umarni, wadda SPI ta yi amfani da ita a wasanninta da yawa na shekarun 1970. A farkon zagaye ana fitar da wasu lambobi bisa sa'a, duk rundunar da ke tsaye a gidan da lambarsa ta ƙare da ɗaya daga cikinsu, to ba za ta bi abin da ɗan wasa yake so ba a wannan zagayen. Ɓangaren da ake ganin shugabancinsa ya fi rauni, shi ya fi yawan faɗawa wannan tarko. Ƴan wasa da yawa sun tsani ƙa'idar, domin babu mai son ya ga tankokinsa sun ƙi motsi ba dalili. Sai dai ta fi rage lamba kusa da gaskiya, tun da ta ɗora laifin a kan hanyar da umarni ke bi daga sama zuwa ƙasa, ta bar ƙarfin bindigar soja yadda yake.

Daga ina lambobin suka fito?

Mutumin da ya fi tasiri a wannan fanni shi ne Kanal Trevor Dupuy, tsohon sojan Amurka kuma masanin tarihin yaƙi. Ya tattara bayanan faɗace-faɗace masu yawa, ya ƙirga makamai, ya sa lissafin yanayin ƙasa, da mamaya, da taimakon jiragen sama, ya fitar da sakamakon da ya kamata a samu. Sannan ya gwada shi da abin da ya faru a zahiri. Ratar da ta rage tsakanin biyun, ita ya kira ƙimar ingancin faɗa. A lissafinsa, sojan Jamus 100 a Yaƙin Duniya na Biyu sun yi daidai da na Amurka ko Birtaniya kimanin 120. A kan Gabas ta Tsakiya, wadda ya rubuta wa littafin Elusive Victory a 1978 bayan ya gana da hafsoshin ɓangarorin biyu, ya samu cewa ingancin Isra'ila ya kai kusan ninki biyu na Masar, ratar ta fi haka ƙanƙanta da Jodan, ta kuma fi faɗi da Siriya.

Masu tsara wasanni sun yi maraba da wannan, domin lamba ce da za a iya ɗauka a ɗora a kan kwali. Amma a lura da yadda aka same ta. Ita saura ce, wato abin da lissafi ya kasa bayyanawa. Tana nuna cewa akwai rata, ba ta faɗin abin da ya haifar da ita. Horo ne, ko hafsoshi, ko siyasa, ko rashin ilimin boko a tsakanin kurata? Duk suna cikin buhu ɗaya. Wanda ya ciro lambar daga sakamakon yaƙi, ya zuba ta a wasa, wasan ya maimaita masa wannan sakamako, bai tabbatar da komai ba, zagaye kawai ya yi ya dawo inda ya tashi.

Kenneth Pollack, tsohon mai nazari a hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, ya yi ƙoƙarin buɗe buhun. A littafinsa Arabs at War na 2002 ya bi tarihin sojojin ƙasashe shida, Masar, Iraki, Jodan, Libiya, Saudiyya da Siriya, daga 1948 zuwa 1991. Abin da ya gano ya saɓa wa zancen da ake yi a teburin mai shayi. Tsoro ba shi ne matsalar ba: sau da yawa sojojin sun tsaya a ramukansu sun yi faɗa har mutuwa. Jigilar abinci da harsasai ma ba ta cika zama matsala ba, injiniyoyinsu kuma sun yi ayyukan da suka burge abokan gaba. Raunin, a ganinsa, yana wajen ƙananan hafsoshi, daga laftana zuwa kanal, waɗanda ba sa yanke shawara da kansu idan al'amari ya sauya, da kuma yadda ake ɓoye mummunan labari ga na sama, sai rashin ƙwarewa wajen sarrafa makamai da kula da su.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Yawancin masu tsara wasannin Amurkawa ne da ke karatu da Ingilishi, kuma a shekarun farko littattafan da ke gabansu na ɓangaren Isra'ila ne, irin su The War of Atonement na Chaim Herzog da ya fito a 1975. Littafin Janar Sa'ad al-Shazli, babban hafsan hafsoshin Masar a 1973, sai a 1980 ya fito da Ingilishi, kuma a kansa wata kotun soja a Masar ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara uku a bayan idonsa. Na Janar Gamasi ya fito da Ingilishi a 1993. Ko sunayen wasannin sun isa shaida: Bar-Lev, Yom Kippur, Heights of Courage, Valley of Tears. A Alƙahira yaƙin Oktoba ake cewa ko na goma ga Ramadan, a Damaskas kuma yaƙin Tishrin.

Kwana tara da suka rikita lissafi

Babu inda lamba guda ta fi kasawa kamar a 1973. Bayan kayen 1967, wanda umarnin ja da baya na gaggawa da Filmashal Abdulhakim Amir ya bayar ranar 6 ga Yuni ya mayar da shi rugujewa, Masar ta sake gina sojanta. An shigar da waɗanda suka gama jami'a cikin runduna. An rage siyasa a harkar ƙarin girma. Abu mafi muhimmanci, manyan hafsoshi sun yarda da raunin da suke da shi, suka tsara yaƙin da zai kauce masa. An rubuta kowane mataki na tsallake Suez dalla-dalla, an maimaita atisayensa har kowane soja ya haddace aikinsa. Tudun rairayin da Isra'ila ta tara a gaɓar ruwa, an narkar da shi da famfunan ruwa masu ƙarfi, dabarar wani matashin injiniyan soja, Baki Zaki Yusuf.

Da ƙarfe biyu na rana, 6 ga Oktoba, aka fara. A cewar Shazli, cikin sa'o'i 18 sojoji dubu 90 da tankoki 850 sun tsallaka, waɗanda aka kashe kuma ba su kai 300 ba. Suka shiga ƴan kilomitoci kaɗan, suka haƙa ramuka, suka tsaya a ƙarƙashin laimar makamai masu linzami na kakkaɓo jirage da ke yammacin mashigin. Ranar 8 ga wata Isra'ila ta kawo harin ramuwa da tankoki, ba tare da isassun sojojin ƙasa da igwa ba, bisa tunanin cewa ganin tanka kaɗai zai sa Misirawa su watse kamar a 1967. Sojojin ƙasa na Masar, riƙe da makamin Sagger da RPG-7, suka tsaya suka ragargaje su, har suka kama kwamandan bataliya guda, Assaf Yaguri.

Kwana shida bayan haka, waɗannan sojoji dai, a wannan hamada dai, suka yi asarar tankoki kimanin 250 a yini ɗaya. Abin da ya sauya shi ne Shugaba Anwar Sadat ya ba da umarnin a kutsa gabas domin rage wa Siriya matsin lamba, duk da adawar Shazli da kwamandojin runduna ta biyu da ta uku. Harin 14 ga Oktoba ya fita daga ƙarƙashin laima, ya kuma fita daga rubutaccen shirin da aka haddace. Tankoki suka doshi bakin bindigogin Isra'ila kai tsaye. Daren 15 ga wata dakarun Ariel Sharon suka bi ta giɓin da ke tsakanin rundunonin biyu suka tsallaka yamma a Deversoir. Rahotannin da ke isa Alƙahira sun yi ta nuna cewa ƴan tankoki kaɗan ne suka kutso, har Firaminista Golda Meir ta sanar a majalisar dokokinta ranar 16 ga wata cewa sojojinta suna yammacin mashigin. Kafin a ɗauki abin da muhimmanci, an makara, kuma daga ƙarshe aka yi wa runduna ta uku ƙawanya.

To wace lamba za a rubuta? Wadda ta dace da 8 ga Oktoba za ta yi ƙarya a ranar 14, wadda ta dace da 14 za ta hana Masar tsallake ruwan tun farko. Ko a makon ƙarshe na yaƙin, sojojin lema da kwamandojin Masar sun tare Sharon a hanyar Isma'iliyya, kuma Isra'ila ta sha wuya da ta gwada shiga birnin Suez ranar 24 ga wata.

Wasannin da suka fi kyau sun warware wannan ta hanyar rarraba ƙarfin. Rundunar Masar tana da ƙarfi sosai in tana tsaye a wurin da ta shirya, ko tana aiwatar da shirin da aka tsara tun kafin yaƙi, amma tana raunana in aka tilasta mata sauya alƙibla a tsakiyar faɗa. Yawancinsu suna da ƙa'idar laimar makamai masu linzami, wadda ke sa jiragen Isra'ila su biya tsada in sun kusanci mashigin. Matsalar da ta rage ita ce ta 14 ga Oktoba. Ɗan wasan da ya karanta tarihi ba zai taɓa fita daga laimar da son ransa ba. Don haka wasu masu tsarawa sukan tilasta masa da ƙa'ida, ko su rage masa maki in bai kai harin ba yayin da Siriya ke shan wuya. Ma'ana, sun sa Sadat a cikin littafin ƙa'idoji. Wannan ya fi adalci, domin ya nuna cewa asarar ranar daga fadar shugaban ƙasa ta taso.

A Golan labarin ya ɗan bambanta. Siriya ta shigo da tankoki kimanin 1,400 a kan na Isra'ila da ba su kai 200 ba a farkon faɗan. A kudancin tuddan ta fasa layin tsaro, amma wasu rundunoninta suka dakata a lokacin da hanyar gadojin Kogin Jodan take kusan a buɗe. Duk ɗan wasan da aka bar masa ƴanci zai wuce kai tsaye ya ci wasa a zagaye na biyu, shi ya sa kusan kowane wasan Golan yake da wata igiya da ke riƙe Siriya a daren nan.

Darasin Cadi

Masu karatu a yankin Tafkin Cadi sun san wani babi na wannan muhawara fiye da yawancin ƴan wasan Turai. A 1987 dakarun Hissène Habré, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, cikin motocin Toyota ɗauke da makaman MILAN da Faransa ta bayar, suka fatattaki sojojin Libiya masu tankoki da jiragen yaƙi. Fada ta faɗi ranar 2 ga Janairu. Alƙaluman da aka fi ambata sun ce Libiya ta rasa sojoji kusan 800 da tankoki sama da 90 a wurin, Cadi kuwa mutum 18 da mota uku. A watan Maris aka yi Bir Kora, aka kuma ƙwace babban sansanin Wadi Dum, inda aka kama Kanal Khalifa Haftar. Ranar 5 ga Satumba Cadawa suka kai samame sansanin jiragen Maaten al-Sarra a cikin Libiya kanta, kafin tsagaita wuta ranar 11 ga wata. Mujallar Strategy & Tactics ta fitar da wasa a kan wannan yaƙi a 1991, mai suna Chad: The Toyota Wars.

Pollack ya yi amfani da Cadi a littafinsa na biyu, Armies of Sand na 2019, domin ya nuna cewa talauci da ƙarancin masana'antu ba su isa su bayyana raunin sojojin Larabawa ba, tun da Cadi ta fi Libiya talauci nesa ba kusa ba, ta kuma yi nasara. Ya gwada tsarin yaƙin Tarayyar Sobiyet da siyasantar da soja su ma, daga ƙarshe ya fi ɗora nauyin a kan al'ada: tarbiyyar gida da ta makaranta da ke koyar da biyayya da hadda, da gudun kunya da ke hana kai mummunan labari. Kafin shi, Kanal Norvell De Atkine, wanda ya daɗe yana horar da sojoji a yankin, ya yi irin wannan bayani a wata maƙala ta 1999 da ta yi suna.

Sai dai misalin Cadi wuƙa ce mai kaifi biyu. Mu'ammar Gaddafi ya hau mulki ta juyin mulki ranar 1 ga Satumban 1969, kuma ya shafe shekarunsa yana tsoron kada wani hafsa ya yi masa abin da ya yi wa Sarki Idris. Ya riƙa sauya kwamandoji, ya fifita amana a kan ƙwarewa, ya kafa wasu dakaru domin su sa wa soja ido. Kurtun da aka kai Wadi Dum yana yaƙi ne a ƙasar da ba tasa ba, a kan dalilin da bai dame shi ba, da mutanen da suka san kowane kwari da kowane tudu na wurin, ga kuma jiragen Faransa na shirin Épervier da suka hana Libiya sakewa a samaniyar kudu. Ban da haka, Larabci harshen hukuma ne a Cadi, akwai Larabawa ƴan asalin ƙasar, kuma an same su a ɓangarori daban-daban na yaƙin basasarta. Kalmar Balarabe a kan kwali ba ta raba waɗannan abubuwa.

Masu sukar bayanin al'ada sun fi ƙarfi a nan. Risa Brooks ta nuna cewa al'adar Masar ba ta sauya ba tsakanin 1967 da 1973, abin da ya sauya shi ne dangantakar shugaban ƙasa da manyan sojoji: gasar iko tsakanin Nasser da Amir ta ƙare. Caitlin Talmadge, a littafinta The Dictator's Army na 2015, ta bi sojan Iraki a yaƙinsa da Iran. Muddin Saddam Husseini ya fi tsoron janar-janar ɗinsa a kan Iraniyawa, sojansa ya yi ta tuntuɓe. Da ya rasa yankin Faw a 1986 ya ga mulkin nasa na iya tafiya, sai ya sassauta wa ƙwararru, aka faɗaɗa Dakarun Jamhuriya aka horar da su, kuma a Afrilun 1988 suka ƙwato Faw cikin ƙasa da kwana biyu. A Yunin 2014 kuma, rundunonin gwamnatin Iraki sun watse a Mosul gaban mayaƙan ƙungiyar IS da ba su kai su yawa ba ko kusa, alhali akasarin ɓangarorin biyu harshe ɗaya suke yi. Wannan bayani na sojan da aka gina domin tsare kujera maimakon tsare iyaka ba baƙo ba ne ga mutanen Sahel, inda barikin soja da fadar shugaban ƙasa suka daɗe suna kallon juna da gefen ido.

Ga mai tsara wasa, bambancin bayanan biyu a aikace yake. Wanda ya yarda al'ada ce zai sa ƙa'ida ɗaya ga duk Larabawa daga 1948 zuwa yau. Wanda ya yarda tsarin mulki ne da horo zai bai wa kowace runduna lambarta, ta kowace shekara. Hujjojin tarihi sun fi goyon bayan na biyu, ko da a cikin yaƙi guda: birget na 40 na Jodan, da sojojin lema na Masar, da ƴan sa-kai da aka tara cikin gaggawa, ba a ma'auni ɗaya suke ba. Sababbin wasanni sun karkata can. Valley of Tears na Carl Fung, wanda kamfanin Multi-Man Publishing ya buga, yana amfani da tsarin da kowace bataliya ke da nata ma'aunin inganci, kuma kowace babbar runduna, ta kowane ɓangare, sai ta jefa ƙwaya kafin a san ko umarnin da aka ba ta zai gudana gaba ɗaya, ko rabi, ko ya ci tura. A irin wannan tsari ruɗanin da ya dabaibaye kwamandojin Isra'ila ranar 8 ga Oktoba shi ma yana da wurin zama.

Haɗarin lamba guda ya taɓa cin masu ita. Bayan 1967 manyan sojojin Isra'ila da jami'an leƙen asirinta sun ɗauki raunin Larabawa a matsayin abin da ba ya sauyawa, kuma hukumar bincike ta Agranat da aka kafa bayan yaƙin 1973 ta samu cewa riƙo da tsohon zato ya taimaka wajen rufe musu ido ga alamun harin. A 1990 kuskuren ya juya: masu hasashe da dama a Amurka sun ƙirga tankokin Iraki suka yi tsammanin asarar dubban sojojinsu, amma yaƙin ƙasa ya ƙare cikin sa'o'i 100, Amurkawan da suka mutu a fagen daga ba su kai 150 ba.

Wa ya ci wasan?

Ƙa'ida ta ƙarshe a kowane littafin wasa ita ce sharuɗɗan nasara, kuma nan ma akwai hukunci. Masu tsara wasanni a kan yaƙin Aljeriya na 1954 zuwa 1962, irin su Kim Kanger da Ici, c'est la France! da Brian Train da Colonial Twilight, ba su da zaɓi sai su auna goyon bayan jama'a da juriyar siyasar Faris, domin sojan Faransa ya raunana mayaƙan FLN matuƙa a cikin ƙasar a hare-haren Janar Challe na 1959 da 1960, amma Aljeriya ta samu ƴancinta a Yulin 1962. Wasan da ya ƙirga gawawwaki kaɗai zai ba Faransa nasarar da ba ta samu ba.

Haka yake ga 1973. In aka ƙirga tankokin da aka ƙona da ƙasar da kowa ke riƙe da ita ranar tsagaita wuta, Isra'ila ce a gaba, da dakarunta a kilomita 101 daga Alƙahira. In aka auna da abin da Sadat ya fita nema, wato ya karya kiki-kakar da aka shiga tun 1967 ya jawo Amurka cikin sasantawa, lissafin ya sauya. An yi yarjejeniyar Camp David a Satumban 1978, aka sa hannu kan ta zaman lafiya a Maris na 1979, Isra'ila ta kammala ficewa daga Sinai a Afrilun 1982, yankin Taba kuma ya koma hannun Masar a 1989.